Tuddan kaburburan mutanen da: abin da doka ke karewa da wanda nauyin ke kansa

A 2019 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa tuddan kaburburan Dilmun na ƙasar Baharen cikin jerin Wuraren Gado na Duniya, tare da manyan kaburburan Mozu da Furuichi na Japan. A 2023 ta ƙara da tuddan Gaya na Koriya ta Kudu da gine-ginen ƙasa na Hopewell da ke jihar Ohio a Amurka. A Yulin 2025 kuma duwatsu da tuddan Carnac na Faransa suka shiga. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, hoton da ke rakiyarsa kusan iri ɗaya ne: tudu da ciyawa ta lulluɓe, ba ƙofa, ba rubutu, ba gini. Sai mai karatu ya tsaya yana tambayar kansa, to mene ne abin karewa a nan? In akwai dukiya a ciki, me ya hana a tone a kwashe a kai gidan tarihi? Wanda tudun ya faɗo cikin gonarsa fa, ya yi asarar gonar ke nan? Ko kuwa filin ya koma hannun Majalisar Ɗinkin Duniya ne?

Mene ne tudun kabari, mene ne kuma “kafin tarihi”

Tudun kabari ƙasa ce ko duwatsu da mutane suka tara da hannunsu a kan mamaci ɗaya ko matattu da yawa, har abin ya zama tudu da ake hangowa daga nesa. Wani bai wuce gwiwa ba, wani kuwa sai ka rantse tsauni ne. Wanda ake dangantawa da Sarki Nintoku a birnin Sakai na Japan tsawonsa mita 486 ne, ga ramuka cike da ruwa sun kewaye shi. Cikin wasu akwai ɗakin dutse da siririyar hanya mai kaiwa gare shi, wasu akwatin itace ne a tsakiyarsu, wasu kuma tukunya ce kurum da tokar wanda aka ƙone.

Al'ummomin da ba su taɓa jin ɗuriyar juna ba sun yi wannan aiki kowa a nahiyarsa. An gina tudun kabarin Newgrange a Ailan wajen shekara ta 3200 kafin Miladiyya, wato ya girmi dalar Giza ta Masar. Makiyayan filayen Yukiren da Rasha da Kazakistan sun bar dubbai, waɗanda ake kira kurgan. Sarakunan Kerma a Sudan an rufe su ƙarƙashin tudda masu faɗin gaske. A Senegal da Gambiya tuddan suna tare da da'irorin duwatsu na Sine Ngayène da Wanar da Wassu da Kerbatch, waɗanda suka shiga jerin UNESCO tun 2006. Na Baharen kuwa an tara su ne tsakanin 2200 da 1750 kafin Miladiyya.

Kalmar “kafin tarihi” ita ce ke rikita mutane, don ana jin ta kamar wata shekara ce tsayayya. Ba haka ba ne. Ana nufin zamanin da al'umma ba ta bar rubutu ba, kuma wannan ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Masar da Iraƙi an fara rubutu fiye da shekara 5,000 da suka wuce. A ƙasashen arewacin Turai kuwa masana suna lissafa zamanin kafin tarihi har zuwa wajen ƙarni na 11 na Miladiyya. Shi ya sa za ka ga tudun da bai fi shekara 1,200 ba ana sa shi a rukuni ɗaya da mai shekara 5,000. Abin da ya haɗa su shi ne, waɗanda suka gina su ba su rubuta mana ko su wane ne ba. Abin da ke cikin ƙasar nan shi kaɗai ne shaida.

Ba kuma kowane tudu ne kabari ba. Tudun Silbury na Ingila ya kusa mita 40 a tsayi, mutane ne suka tara shi, amma duk tonon da aka yi masa ba a taɓa samun kushewa a ciki ba. Tuddan da suka cika Gabas ta Tsakiya kuwa yawancinsu kufai ne, gari a kan gari, gini ya rushe a sake wani a kansa har ƙasa ta taru.

Ba zinariyar ake gadi ba

Abin da yawancin mutane suka fi ji shi ne labarin dukiya, kuma gaskiya ne an samu. A 1971 an ciro wani abin wuya na zinariya mai nauyin fiye da kilo ɗaya daga tudun Tovsta Mohyla a Yukiren. Amma irin wannan ɗaya ne cikin dubu. Abin da masu binciken kufai ke nema shi ne yadda kayan suke a jere: me ke kusa da me, wace ƙasa ce a sama wace ce a ƙasa, ina kan mamacin ya fuskanta, wa aka fara rufewa. Tukunyar da aka ciro aka sa a kanta ba tare da an rubuta inda take ba, tukunya ce kawai. Wadda aka samu a mazauninta kuwa tana iya faɗin zamani da sana'a da hanyar fatauci.

Misalin yarinyar Egtved a Denmak ya isa ya nuna haka. A 1921 wani manomi yana kwashe ƙasar wani tudu a gonarsa sai ya ci karo da akwatin itacen oak. Da yake ya tsaya aka kira masana, an gano abubuwan da zinariya ba za ta taɓa faɗa ba. Zoben shekarun itacen ya nuna an sare shi a 1370 kafin Miladiyya. Furen da aka tarar a bakin akwatin ya nuna da bazarar ƙasarsu aka rufe ta. Tufafinta na ulu da gashin kanta duk suna nan, domin yadda aka jera ƙasar tudun ya sa ruwa ya tsaya a tsakiyarsa, iska ba ta shiga. Ke nan tudun kansa shi ne ma'ajin. Da an fasa shi an bar shi, da komai ya ruɓe.

A nan ne wata ƙa'ida take da ke ba wanda ba ma'abocin fagen ba mamaki: tono kansa ɓarna ne, ko da masani ne ya yi shi. Wanda ya tone tudu ya karanta shi sau ɗaya, babu mai sake karantawa a bayansa. Mutanen ƙarni na 18 da na 19 a Ingila sun yi wa ɗaruruwan tudda dirar mikiya, wani lokaci su fasa da yawa a yini guda, su ɗauki abin da ya burge su su watsar da ƙasusuwa. Ramin da aka haƙa daga ƙololuwar Silbury a 1776 ba a cike shi da kyau ba, sai ga shi a shekara ta 2000 ya rufta, ya bar wawakeken rami a saman tudun.

Ga kuma ɗaya gefen. An tone dogon kabarin Hazleton North na Ingila tsakanin 1979 da 1982, aka adana ƙasusuwan tare da bayanin inda aka sami kowanne. Kusan shekara 40 bayan haka, da fasahar karanta ƙwayoyin halittar gado ta ci gaba, aka gwada mutum 35 daga ciki. Sai aka tarar 27 dangi ɗaya ne, zuriya biyar a jere, tsatson namiji ɗaya da mata huɗu, sun rayu kimanin shekara 5,700 da suka wuce. Waɗanda suka yi tonon ba su da hanyar sanin haka a lokacinsu. Daga nan hujjar masu cewa a bar kaza cikin gashinta ta fito: abin da ba mu iya karantawa yau, na baya za su iya, in dai mun bar musu shi.

Abin da ke cinye su

Ɓarawo ne ya fi yin suna, amma garma ta fi shi ɓarna. Tudun da ke tsakiyar gona kowace shekara ana share masa ɗan kaɗan. Lokacin garmar shanu abin yana tafiya a hankali. Da tarakta ta zo da garma mai nutsewa, tuddan da suka yi shekara 4,000 a tsaye suka baje cikin shekaru ƙalilan. Babu wanda ya yi niyyar ɓarna, manomi nomansa yake yi, kuma sau da yawa bai ma san akwai wani abu a wurin ba. Da yawa daga cikinsu yau sai daga sama ake gane su, idan fari ya sa shuka ta bambanta launi a kan tsohon ramin da ya kewaye tudun.

A Gjellestad ta ƙasar Norwe, a 2018, na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa ta nuna siffar jirgin ruwan Vikin, mayaƙan tekun arewacin Turai na da, mai tsawon kusan mita 20 a cikin wata gona shimfiɗaɗɗiya. Tudun da ya rufe shi an daɗe da baje shi, jirgin yana kwance dab da inda bakin garma ke kaiwa. Da aka ɗan gwada sai aka ga ruɓa ta kama itacen, domin magudanar da aka yi wa gonar ta janye damshin da ke kare shi. Dole gwamnati ta ba da kuɗi aka fara tono a 2020. Wannan ya nuna iyakar ƙa'idar a bar shi a inda yake: tana aiki ne kawai in wurin bai riga ya fara lalacewa ba.

Bayan garma sai katafila. Birnin St. Louis na Amurka an taɓa yi masa laƙabi da birnin tudda, amma zuwa 1869 an kwashe mafi girmansu an yi ciko da ƙasarsa. A Baharen tuddan sun kai dubun-dubata kafin gidaje da tituna su ci yawancinsu, waɗanda suka shiga jerin UNESCO 11,774 ne a wurare 21. Tuddan sarakunan Ballana da Qustul na Nubiya, waɗanda aka tone a shekarun 1930, mazauninsu yau yana ƙarƙashin tafkin Nasser na madatsar ruwan Aswan a Masar.

Sata kuwa tsohuwar sana'a ce, wasu kaburburan tun zamanin masu su aka fasa su. Wadda ta fi zama darasi ita ce ta Spiro a jihar Oklahoma. Daga 1933 zuwa 1935 wasu mutane suka kafa kamfani, suka karɓi hayar tudun daga masu filin, suka yi ta tono suna sayar da kaya a bakin rami. A lokacin babu dokar da suka karya. Da jihar ta yi doka a 1935 aka nemi tsayar da su, sai suka sa wa ɗakin kabarin nakiya kafin su tafi.

Sabuwar barazana ita ce ɗumamar yanayi. A tsaunukan Altai na Siberiya ruwa ya shiga kaburburan Pazyryk ya daskare, ƙanƙarar ta adana fatar mutane da zanen jikinsu da dawaki da darduma mafi tsufa da aka sani mai irin saƙarta. Ƙanƙarar nan in ta narke, babu dokar da za ta hana ruɓa.

Yadda doka ta shigo

Suwidin ce kan gaba. A 1666 masarautar ta fitar da sanarwar da ta hana rusa tsofaffin kaburbura da duwatsu masu rubutu. Birtaniya sai a 1882 ta yi tata dokar, bayan ɗan majalisa John Lubbock ya shafe kusan shekara goma yana fama da masu filaye da ke ganin abin kutse ne cikin haƙƙin mallaka. Shi kansa sai da ya sayi tudun Silbury da kuɗinsa don ya tsira. Dokar da ta fito ba ta da haƙora: wuraren da ta lissafa ba su kai ɗari ba, kuma sai mai fili ya ga dama yake miƙa kulawarsu ga gwamnati. Ikon tilastawa ya zo ne daga baya, a 1913.

Daga wannan tarihi tsari biyu suka fito, kuma yawancin ƙasashe suna bin ɗaya ko su gauraya.

Na farko kariya ce ta kai tsaye. A Norwe dokar 1978 ta ce duk wani abin tarihi da ya girmi shekara ta 1537 a kare yake, ko an san da shi ko ba a sani ba, ko yana cikin rajista ko ba ya ciki, har da tazarar mita 5 a kewayensa. Amfanin wannan shi ne babu tudun da zai halaka don kawai ma'aikaci bai kai ga rubuta sunansa ba. Illarsa kuwa, mai fili yana iya wayar gari da takunkumin da bai san da shi ba lokacin da ya sayi filin.

Na biyu tsarin rajista ne, irin na Ingila ƙarƙashin dokar 1979. Sai an zaɓi wuri an sa shi a jeri kafin doka ta rufe shi, daga nan kuma duk aikin da zai taɓa shi sai da izini a rubuce. Kowa ya san matsayinsa, amma abin da ba ya cikin jeri yana cikin haɗari. Akwai ma wata kafa da aka bari: manomi na iya ci gaba da irin noman da yake yi kafin a sa wurin a rajista. Wato tudu yana iya zama a kare a takarda alhali garma na cinsa kowace shekara. Denmak ta toshe wannan kafa da awo: ba a noma cikin mita 2 daga tudun da aka kare, kuma ba a sauya yanayin wuri cikin mita 100 sai da izini.

A Amurka lamarin ya sha bamban, domin dokokin tarayya sun fi aiki a filayen gwamnati da na ƙabilun asali. Tudun da ke filin wani mutum ya dogara ne ga dokar jiharsa, wasu jihohin sun tsaurara, wasu sun sassauta.

Wani sauyi babba ya zo a farkon shekarun 1990, da ƙa'idar da Ingila ta fitar a 1990 da yarjejeniyar Valletta ta ƙasashen Turai a 1992. Kafin a yi titi ko rukunin gidaje sai an duba abin da ke ƙasa. In za a iya kauce masa a kauce, in ba hali a tone a rubuta, kuma a ƙasashe da dama mai aikin ne ke biya. Yawancin tonon da ake yi a Turai yau irin wannan ne, na ceto kafin katafila ta iso.

Abin da sunan UNESCO ke yi da abin da ba ya yi

Yarjejeniyar Gadon Duniya ta 1972 ba ta karɓe fili daga hannun kowa. Ta faɗa ƙarara cewa ikon ƙasa da haƙƙin mallaka suna nan yadda suke. Ƙasa ce da kanta ke gabatar da wurin, ƙwararru su duba, kwamiti mai ƙasashe 21 ya yanke hukunci. Cikin sharuɗɗan akwai cewa ƙasar ta riga ta tanadi dokar kariya da tsarin kulawa, galibi har da yankin da zai zama shinge a kewaye. Ke nan kariyar ce ke zuwa kafin sunan, ba sunan ke kawo ta ba.

UNESCO ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotu. Asusunta na wannan aiki dala miliyoyi kaɗan ne a shekara, ga wurare fiye da 1,200. Makamanta biyu ne: ta sa wuri a jerin waɗanda ke cikin haɗari, ko ta cire shi gaba ɗaya. Sau uku kacal aka taɓa cirewa: gandun namun daji na Oman a 2007, kwarin Elbe na Dresden a 2009, da Liverpool a 2021. Jin kunya a idon duniya yana tasiri, amma ba kullum ba. An yi shekaru kwamitin yana nuna damuwa kan ramin mota da aka shirya haƙawa kusa da da'irar duwatsun Stonehenge ta Ingila, yankin da ke cike da tuddan kaburbura. Da gwamnatin Birtaniya ta soke aikin a Yulin 2024, dalilin da ta bayar na kuɗi ne.

Matattun na wane ne

Nan ne saɓanin ya fi zafi, domin tudun kabari kafin ya zama wurin tarihi makwancin wani ne.

Masu bincike suna cewa mutanen da ba su bar rubutu ba ba su da wata murya sai ƙasusuwansu da kayansu, hana nazari kuwa rufe bakinsu ne har abada. Suna da hujja mai ƙarfi daga tarihin Amurka. A ƙarni na 19 Turawan da suka mamaye ƙasar sun yaɗa cewa wata al'umma ce da ta ɓace ta gina tuddan, ba kakannin 'yan asalin ƙasar ba, kuma wannan tatsuniya ta taimaka wajen halatta korar su daga filayensu. Binciken da Cyrus Thomas ya fitar a 1894, bayan an tone tudda masu yawa, shi ya rusa ta.

Zuriyar masu kaburburan kuwa suna cewa ba a tambaye su ba aka kwashe kakanninsu aka jera a akwatunan gilashi, abin da ba wanda zai yarda a yi wa makabartar danginsa. A Dickson Mounds ta jihar Illinois an yi shekaru ana kallon ƙwarangwal a buɗe a inda aka binne su, sai a 1992 aka rufe. Dokar da Amurka ta yi a 1990 ta wajabta wa gidajen tarihi da jami'o'in da ke karɓar kuɗin tarayya su lissafa ƙasusuwan da ke hannunsu su mayar wa ƙabilun da suka cancanta. Aikin ya yi ta jan ƙafa, har aka tsaurara ƙa'idojin a Janairun 2024, aka ce sai da yardar ƙabila kafin a baje kolin irin waɗannan kaya ko a yi bincike a kansu. Cikin 'yan makonni manyan gidajen tarihi a New York da Chicago suka rufe wasu zauruka ko suka lulluɓe akwatuna.

A Altai an yi irin wannan ja-in-ja kan gawar wata mata da aka tono a tudun Ukok a 1993 aka kai birnin Novosibirsk na Rasha. Mutanen yankin da dama sun ɗauke ta kakarsu, har wasu suka danganta girgizar ƙasar 2003 da ɗauke ta. An mayar da ita yankin a 2012, amma gidan tarihi aka kai ta, ba kabari ba, don haka tsugune ba ta ƙare ba. Japan kuma ta bi wata hanyar daban. Manyan tuddan da ake dangantawa da kakannin sarki suna hannun hukumar kula da fada, kuma a idonta kaburbura ne na iyali mai rai. Ba a hawa, ba a tona tsakiyarsu. Masana tarihi suna ƙorafin cewa ba a iya tabbatar da wanda ke kwance a ciki, amma wannan hanin shi ne ya sa tuddan suka tsira a tsakiyar birni mai cunkoso.

Inda zuriyar ba ta bayyana ba, kamar kabarin da ya shekara 5,000, tambayar ta fi wuya, domin ba wanda zai iya cewa shi kaɗai ne magaji. A nan yawancin ƙasashe suna ɗora amanar a kan gwamnati.

Akwai wata ƙaramar muhawara kan gyara. Farin bangon da maziyarta ke gani a fuskar Newgrange an ɗaga shi ne bayan tonon da Michael O'Kelly ya jagoranta daga 1962 zuwa 1975, da siminti da ƙarfe a bayansa, kuma har yau masana ba su daidaita kan ko haka yake a asali ba. O'Kelly ne kuma mutumin da a 1967 ya tabbatar da cewa hasken rana yana ratsa hanyar kabarin mai tsawon mita 19 har cikin ɗaki a ranakun da dare ya fi tsawo a shekara.

Inda abin ke taɓa mutum

Manomi ne na farko. A mafi yawan ƙasashe filin yana nan a hannunsa, yana iya sayarwa ko ya bar wa magada, abin da ya rasa shi ne 'yancin yin yadda ya ga dama da wannan yanki. Ba zai baje tudun ba, ba zai haƙa rijiya ko ya dasa itatuwa a kai ba, wani wurin ma ba zai nome shi ba. Ga mai babbar gona wannan ɗan kewaye ne da tarakta. Ga mai ƙaramin fili kuwa yana iya zama rabon da ake ji a jiki. Ingila tana biyan manoma don su daina nome irin waɗannan wurare su mai da su makiyaya, kiwon tumaki ma yana taimakawa don yana hana itatuwa da ƙaya kafa saiwa. Inda babu irin wannan diyya, doka na iya haifar da akasin abin da ake so: mai gona ya ga alamar tudu ya yi sauri ya baje shi kafin hukuma ta ji.

Mai gini shi ma yana ɗanɗanawa, ta jinkiri da kuɗin bincike. Babban kamfani yana sa wannan cikin lissafinsa tun farko, a ƙarshe kuɗin ya koma kan mai sayen gida ko mai biyan haraji. Mai gina gida ɗaya ne abin ke iya durƙusarwa, shi ya sa Norwe ta ɗauke wa masu ƙananan ayyuka na kansu wannan nauyi ta ɗora wa gwamnati.

Wanda ya tsinci wani abu fa? Ƙasashe da yawa suna cewa duk abin tarihi da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, kuma yawo da na'urar gano ƙarfe ba izini laifi ne. Ingila ta zaɓi lada. A 2001 wani mai irin wannan na'ura ya sami kofin zinariya mai shekara fiye da 3,500 a wata gona a Ringlemere ta yankin Kent, garma ta riga ta lotsa shi. Ya kai rahoto kamar yadda dokar 1996 ta tanada, gidan tarihin Birtaniya ya saya fam 270,000, aka raba tsakaninsa da mai gonar, masana kuma suka bi sawu suka gano tudun da aka baje a wurin. Masu goyon bayan tsarin suna cewa ba don lada ba da kofin ya ɓace a kasuwar bayan fage. Masu suka suna cewa lada tana mai da tarihi abin farauta, tana kuma ƙara yawan masu tono. A kan tudun da ke cikin rajista dai, ko a Ingila amfani da na'urar ba izini laifi ne.

Maƙwabta kuma suna jin labarin masu yawon buɗe ido. Wannan gaskiya ne ga wurare ƙalilan. Newgrange na samun baƙi har sai an iyakance masu shiga, ranakun hasken nan kuwa ƙuri'a ake jefawa. Amma yawancin tudda ba mai zuwa kallonsu, kuma takunkumin gini a yankin shinge yana hawa kan mazauna ko baƙi sun zo ko ba su zo ba.

Wani lokaci kuma kariyar tana kai wa ga karɓe haƙƙi ɗungurum. A Newark ta jihar Ohio, wani ɓangare na gine-ginen Hopewell, ganuwar ƙasa mai kusurwa takwas, ya kasance filin wasan golf na wata ƙungiya tun 1910. 'Yan ƙungiyar suna cewa su suka kula da wurin fiye da shekara ɗari, ba don su ba da gidaje sun cinye shi kamar yadda suka cinye sauran. Ƙungiyar tarihi ta jihar, wadda ita ce mai filin, da ƙabilun asali suna cewa ba daidai ba ne a riƙa buga ƙwallo a wurin ibadar kakanni, jama'a kuma ba sa samun shiga sai 'yan kwanaki a shekara. A Disambar 2022 Kotun Ƙolin jihar ta yarda a karɓe hayar don amfanin jama'a, da sharaɗin biyan diyya. Aka ci gaba da jayayya kan adadin kuɗin har aka sasanta a 2024, aka buɗe wurin ga kowa ranar 1 ga Janairun 2025.